Zauren Malamai: An Ba Ni Makaranta, Ta Ina Zan Fara?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk a kan shugabannin makarantu suke, wasu daga shugabannin kansu, wasu daga waɗanda ke ƙarƙashinsu. Ban yi mamaki ba, farkon shekarar karatu ne, lokacin da ma'aikatun ilimi kan juya mutane, wannan ya tashi wancan ya zauna. Na ɗauki huɗu. Na cire sunayen mutane da na makarantu kamar yadda muka saba, don kada a wayi gari an cilla wani ƙauyen da mota ba ta zuwa saboda ya rubuto wa tsohon firinsifal wasiƙa. Masu tambaya a kan fansho su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba, barka da hutawa. Shekarata 38, malamin Lissafi ne ni. Kwatsam aka miƙo mini takardar shugabancin wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a Jihar Jigawa. Ɗalibai 600 ne, malamai 14 har da ni. Huɗu daga cikinsu sun girme ni, ɗaya ma shi ya koya mini Hausa ina aji ɗaya. Ba a fara darasi sai wajen tara saura, ranar kasuwa kuwa rabin makarantar ba ta zuwa, daga malamai har yara. Abokaina sun ce in shiga da zafi, in ba mutum biyu ko uku kweri, wato takardar neman bahasi, don a san an yi sabon shugaba. Ta ina zan fara?
Daga wani sabon shugaba, Jigawa.

AMSA: Ɗana, Allah ya taya ka riƙo, ya raba ka da sharrin kujera. Abokan nan naka ka gode musu, ka ajiye shawararsu a aljihu. Kweri yana da ranarsa, amma ba yanzu ba. In ka shiga da shi, abu ɗaya malamai za su koya: su zo su sa hannu a littafi ƙarfe bakwai da rabi, su koma gindin darbejiya su shimfiɗa hira har a tashi. Littafinka zai yi kyau, duk mai duba makarantu da ya zo zai yaba, yara kuwa suna aji suna jifan juna da takarda.

Makonni biyu na farko ka yi su da ido, bakinka a rufe. Ka riga kowa zuwa. Ka sayi ƙaramin littafi na aljihu, duk lokacin da aka buga ƙararrawar canjin darasi ka tashi daga ofis ka zaga, ka rubuta: aji kaza akwai malami, aji kaza babu, aji kaza malami yana ciki amma monita ne ke kwafe rubutu a allo, shi yana danna waya. Kada ka yi wa kowa faɗa. Gaisuwa kawai.

Daga nan sai ka yi abin da ka fi kowa iyawa, wato lissafi. Darasi ɗaya minti 40 ne. In darasin farko kaɗai ake rasawa kullum, biyar ke nan a mako. A zango mai mako 12 na koyarwa darasi 60 ke nan, wato awa 40. A shekara awa 120. Yaron da ya shigo aji ɗaya, kafin ya fita aji uku an cinye masa awa 360, ba a sa ranar kasuwa ba, ba a sa makon dawowa hutu da ake ɓatarwa a shara da cirar ciyawa ba. Ka kira taron malamai, ka rubuta wannan a allo tare da abin da ka gani a zagayenka, babu sunan kowa. Sannan ka ce: to jama'a, yaya za mu yi? Ka ja bakinka ka jira. Shirun zai yi tsawo, kada ka cike shi. Wani zai yi magana, sau da yawa ma wanda ba ka zata ba. Dokar da ta fito daga bakin malamai ta fi wadda ka manna a ƙofa daɗewa, domin in wani ya karya ta, 'yan'uwansa ne za su fara hararsa kafin kai.

Sai kuma ka ɗauki aji. Na san za a ce maka shugaba ba ya koyarwa, aikin ofis ya ishe shi. Aikin ofis na ƙaramar sakandare bai kai ya hana mutum darasi biyar a mako ba. Ka ɗauki Lissafin aji ɗaya, ka sa kanka a darasin farko na safiyar Litinin da na ranar kasuwa. Malamin da ya shigo a makare ya ga shugaba yana fitowa daga aji da alli a hannun riga, kunya za ta yi masa abin da kweri ba zai yi ba. Kuma a ajin ne za ka gano abin da ba a rubutawa a rahoto. Ka ware yara goma, ba zaɓaɓɓu ba, ka ba kowanne layi huɗu na Hausa ya karanta, da lissafin ɗebewa mai aro guda biyu. Abin da za ka gani shi ne ainihin aikin da aka turo ka yi. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, duk Kimiyyar da ake cika masa allo da ita da Turanci, zane kawai yake kwafa.

Akwai hanyar da wata ƙungiya ta Indiya mai suna Pratham ta fito da ita, an kuma yi aiki da ita a wasu jihohin Arewa. Ana raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba: masu koyon baƙaƙe daban, masu haɗa kalma daban, masu karanta jimla daban. A ba su awa ɗaya kullum, a riƙa gwada su, wanda ya ƙware a ciyar da shi rukuni na gaba. Ba ta neman gini ko kwamfuta. Inuwar bishiya da alli da yankakken kwali sun wadatar.

Wannan ya kawo mu kan malaminka na Hausa. Kada ka kira shi ofis. Ka je gidansa bayan La'asar, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba tun kana yaro, ka ce: Malam, an ɗora mini kaya, na zo ka taya ni ɗauka. Ka nuna masa sakamakon yaran nan goma, ka roƙe shi ya jagoranci ajin karatun. Dattijon da aka tsallake aka naɗa ɗalibinsa a kansa, ba kujerar ce ke cinsa ba, tsoro yake kada a mayar da shi ba kowa ba. In ka ba shi aiki na gaske wanda sunansa ke kai, ka sami garkuwa a ɗakin malamai. Amma fa a wannan zaman ka faɗa masa, da ladabi, cewa dokar lokaci za ta hau kowa, kana roƙon kada ya bari ta fara ta kansa. A gida shi malaminka ne har abada. A makaranta, in ya makara, sunansa zai shiga littafi yadda na kowa ke shiga.

Malamai 14 ga yara 600, kowane malami ya tashi da yara 43, bai yi nisa sosai da abin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanada wa sakandare ba. A takarda ke nan. In ka duba da kyau, da wuya in ba ka tarar da mutum huɗu suna koyar da darasi iri ɗaya ba, Turanci kuwa yana hannun ɗan bautar ƙasa da zai tattara kayansa kafin shekara. Saboda haka jadawalin darussa shi ne wurin da za a fara auna adalcinka. Ku tsara shi a fili, kai da mataimakinka da malamai biyu, a manna a bango kowa ya ga nauyin kowa. Ranar da aka gano abokin hirarka yana da darasi 8 a mako wani yana da 24, ka gama yawo.

Batun kasuwa kuma, kada mu yaudari juna. Malamin da ke da tebur a kasuwa ba sha'awa ce ta kai shi ba, albashin ne ba ya kai wata. Ba za ka iya hana shi ba, amma za ka iya tsara abin: darussansa na ranar su zo da safe, ya gama su cif, sannan ya fita da izini a rubuce. Ya fi ya ɓace gaba ɗaya ku riƙa wasan ɓuya. Na yara kuwa sai ka haɗa da dagaci da limamin Juma'a da sarkin kasuwa. Kasuwar ƙauye ba ta cika sai rana ta yi. Iyaye da yawa za su bar yaro ya yi karatun safe in wanda suke jin nauyinsa ne ya roƙa.

Bayan zango guda, mutum ɗaya ko biyu za su rage waɗanda kunya ba ta kama su, lallashi bai ratsa su. To nan kweri ya zo. Ka fara da magana tsakaninku biyu, sannan a gaban mataimaki, sannan a rubuce, kowane mataki da kwanan watansa a littafin tarihin makaranta, yadda in takarda ta tafi ofishin shiyya za ta tafi da hujja. Sai dai kafin ka kai nan, ka tabbata malamai sun ga ka bi wa wani takardar ƙarin girmansa da ta maƙale, ka je wa wani ta'aziyya, ka tsaya wa wanda uban yaro ya zo ya ci wa mutunci. Babba juji ne, daga sama a zuba maka, daga ƙasa a zuba maka. In ba ka kare su a sama ba, ba ka da bakin tsawata musu a ƙasa.

Kuma da yake a ƙasar nan takarda ɗaya ake miƙa wa mutum ya zama firinsifal, babu mai koya masa riƙe littafin kuɗi ko gudanar da taro, ka yi amfani da zaman ANCOPSS, wato ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare, na shiyyarku ka nemi tsohon shugaba guda wanda makarantarsa ke tafiya. Ka kai masa ziyara ranar aiki, da sassafe, ka ga yadda yake fara yininsa.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Jihar Katsina, shekarata 19 ina koyar da Bayoloji. An kawo mana sabuwar shugaba, ta ce duk ranar Alhamis malami ɗaya zai koyar a gaban sauran malamai, bayan nan a zauna a tattauna. Ita ma takan shigo aji ta zauna a baya da biro. Ni dai ji nake an mayar da ni 'yar TP, wato ɗaliba mai koyon aikin koyarwa. Ɗalibaina suna cin jarrabawa. Wannan ba neman laifi ba ne da tozarta manya a gaban yara?
Daga wata malama, Katsina.

AMSA: Malama, lafiya ƙalau. Zai iya zama tozarci, zai kuma iya zama mafi alherin abin da ya sami makarantarku, ya danganta da yadda aka yi shi. Amma bari in fara da ɓangaren da ba za ki so ji ba. Mu malamai mun saba da rufe ƙofa. Daga ranar da aka gama duba mu a TP, wasunmu har su yi ritaya babu wani babba da zai sake ganin yadda suke koyarwa, sai mai duba makarantu da kan zo jefi-jefi ya buɗe rajista, ya sha lemo, ya tafi. Wataƙila malamar ajin da ke jikin naki ta daɗe tana fama da yadda za ta fahimtar da yara rabuwar ƙwayar halitta, ke kuma kina da dabarar da kike yi da zare da ƙwayar wake, aji ya gane a zama ɗaya. Bango ɗaya ne tsakaninku, ba ta taɓa gani ba. Ranar da kika yi ritaya, dabarar ta bi ki gida.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su. An sha cacar baki a kan ko jarrabawar ta yi adalci. Ni tambayar da ta tsaya mini daban ce. Mutanen nan kowannensu yana da hedimasta a kansa shekara da shekaru. Wa ya taɓa shiga ajinsu? Wa ya zaunar da ɗayansu ya ce ga inda kake da rauni, zo mu gyara? Shugabarku, ko ba komai, ta ƙi zama a ofis tana sa hannu a tsarin darasin da ba ta ga an koyar ba.

Abin da take yi ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Malaman Japan sun fi shekara 100 suna yi. Sukan taru su tsara darasi guda tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefe, idonsu kuma a kan yara yake, ba a kan malamin ba. Wace tambaya ce ta sa aji ya yi tsit? Me yarinyar can ta kusurwa ta rubuta a littafinta? Bayan an tashi sai a zauna a gyara darasin, wani ya sake koyar da shi a wani aji. Shirin SMASE na horar da malaman Lissafi da Kimiyya, wanda aka fara a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato da tallafin hukumar JICA ta Japan, irin wannan tunani ya zo da shi. Sai dai ke ma kin san abin da kan sami bita a wurinmu: a je, a karɓi alawus, a dawo da littafi a jefa a durowa. Ba laifin malamin ba ne shi kaɗai. In shugaba bai ware awa ɗaya a jadawali don a gwada abin tare ba, ina za a gwada shi?

Kada ma a ce mana baƙon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, haka ta tsara karatun matan karkara. Kowace jaji, wato jagorar matan wani gari, takan zo wurinta da 'yan tarunta, matan da take jagoranta, ta karɓi karatu, ta koma garinsu ta koyar, ta sake dawowa ta ƙara. Babu jajin da aka ce ta girmi zama a gaban malama don ita ma tana da ɗalibai.

Yanzu ga inda nake tare da ke. Akwai sharuɗɗan da in babu su, abin ya zama abin da kike tsoro. Shugaba ita za ta fara: ta ɗauki alli ta koyar a gabanku, ku nuna mata inda yara suka ɓace, ta ce na gode. Abin da aka gani ranar Alhamis kada ya shiga fom ɗin ƙarin girma na ƙarshen shekara. Ranar da ya shiga, kowa zai riƙa kawo darasin da ya riga ya koyar jiya, yara su yi ta ɗaga hannu, abin ya koma wasan kwaikwayo. Ba a yi wa malami gyara a gaban ɗalibai, ko da da ido ne. Sannan zaman ya kasance cikin lokacin aiki, ba bayan an tashi ba, sa'ad da ke da sauran mata kuke saurin kwaso yara da ɗora tukunya.

Ki same ta ke kaɗai, ki kawo mata waɗannan a matsayin shawarar babbar malama. In ta karɓa, ki nemi a sa ki ta biyu bayan ita, kuma ki kawo darasin da ya fi ba ɗalibanki wuya, ba wanda kika fi gwaninta a kansa ba. Ƙananan malamai ku suke kallo. In mai shekara 19 ta buɗe ƙofarta, mai shekara biyu ba ta da uzuri. In kuwa ta ƙi koyarwa a gabanku, ta nace sai dai ta zauna a baya da biro, to zarginki ya fara kama hanya, ki sake rubuto mini.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni tela ne a wata unguwa a Kano, ina cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin kula da makaranta, na firamaren unguwarmu. Hedimasta ba ya kiranmu sai iska ta yaye kwano. Kowane zango yana karɓar Naira 300 a kan kowane yaro, wai kuɗin alli da jarrabawa, ba mu taɓa ganin lissafi ba. Gwamnati kuma ta ce karatu kyauta ne. In na yi magana a ce ina neman rigima. Mene ne haƙƙinmu?
Daga wani uba, Kano.

AMSA: Malam, doka tana bayanka. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati, har ta tanadi tara ko ɗauri ga mai karɓar kuɗi. Kano ma ta sake shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019.

Amma na zauna a kujerar nan, na san yadda take. Akan yi zango guda cur ba a aiko wa makaranta ko kwalin alli ba, ga jarrabawa sai an buga, ga rajista ta cika, ga masai yana neman kwasa. Hedimasta ko dai ya cire daga albashinsa ko ya juya kan iyaye. Ba wanke shi nake yi ba. Ɓoye lissafin ne ya fi damuna a kan karɓar kuɗin. A makaranta mai yara 1,000, Naira 300 ta zama 300,000 a zango. Ko waliyyi ne ya riƙe wannan shi kaɗai sai an zarge shi, kuma shi ya jawo wa kansa.

An kafa kwamitocin SBMC a tsakiyar shekarun 2000, shirin ESSPIN na inganta ilimi da Birtaniya ta tallafa daga 2008 ya ƙarfafa su a Kano da Kaduna da Jigawa da Kwara da Legas da Inugu. Ba ɗaya suke da PTA ba. PTA ta iyaye da malamai ce. SBMC na unguwa ne gaba ɗaya, har wanda ba shi da ɗa a makarantar: mai unguwa, malaman addini, mata, masu sana'a irinka, tsofaffin ɗalibai, da wakilan yaran kansu. Hedimasta sakatare ne a ciki, ba shugaba ba. Ba shi ke cewa yau za a zauna ko ba za a zauna ba.

Saboda haka kada ka tare shi kai kaɗai a bakin ƙofa. Ka sami shugaban kwamiti ku tsayar da ranakun zama, ko da sau biyu ne a zango. A zaman farko kada a fara da "ina kuɗinmu". A fara da: me makaranta ke buƙata wannan zangon, nawa zai ci? A rubuta. Duk abin da za a tara ya zama gudummawar da kwamiti ya amince da ita, kuma kada a kori yaro ko a hana shi jarrabawa don bai kawo ba. Kuɗi su shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, shugaban kwamiti da ma'aji da hedimasta. Ƙarshen zango a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a babban kwali, a manna a bangon ofis ta waje, inda mai tallan awara ma za ta iya tsayawa ta karanta. Hedimasta mai gaskiya zai fi kowa murna, an sauke masa zargi. In ya ƙi, ku rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da sa hannun kwamiti. Rediyo da Facebook sai in an ƙure ku.

Amma Malam, in kuɗi kaɗai kwamitinku zai riƙa bi, rabin aiki ya yi. Ku karɓi sunayen yaran da suka yi mako biyu ba su zo ba, ku raba a tsakaninku ku bi gida gida, matan kwamiti su shiga inda ku ba za ku iya shiga ba. Ku duba iyakar filin makaranta kafin a wayi gari an tsaga shaguna a jikin katanga. Kai kuma ga keke a gabanka, yaran da yagaggen yunifom ya zaunar a gida, ka san abin yi.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a aji biyu na babbar sakandare a Jihar Bauci. Daga garinmu zuwa makaranta tafiyar kusan awa ɗaya ce a ƙasa, kuma sai na ɗebo ruwa kafin in fito. Firinsifal yana rufe ƙofa takwas saura kwata, duk wanda ya makara sai ya yi sassaben ciyawa har a fita tara. Kusan kullum ina rasa Lissafi da Turanci. Yaya zan yi?
Daga wani ɗalibi, Bauci.

AMSA: Yaro, Allah ya yi maka albarka, da yake darasin ne ya dame ka ba sassaben ba. Firinsifal ɗinku yana da gaskiya a kan lokaci, horon ne ya karkace. Wanda ya rasa minti 20 an sa ya rasa awa biyu, kuma darussan da aka fi faɗuwa a kansu su ake sawa da safe. Shugabannin da ke karanta wannan fili, in za a yi horo a yi shi lokacin tara ko bayan an tashi, a bar yaro ya shiga aji. A kuma buɗe rajista a ga daga ina masu lattin ke fitowa. In duk 'yan gari ɗaya ne, nisa ne ba taurin kai ba.

Kai kuma kada ka je ofis kai kaɗai, kada kuma ku taru ku yi hayaniya a ƙofa. Ku 'yan garinku ku rubuta sunayenku da lokacin da kowa ke fitowa daga gida, ku kai wa fom masta, ku roƙe shi ya shigar da maganar. Ka nemi mahaifinka ko wani babba daga garinku ya zo ya ga firinsifal, a roƙi a ɗaga muku ƙafa na minti 15, ko a mayar da aikin horon bayan tashi. Ruwan kuma, ka lallaɓi Inna ta bar ka ka riƙa ɗebo shi tun da yamma.